Waziri Giɗaɗo: Mijin Da Nana Asma'u Ba Ta Bari An Manta Da Shi Ba



Da wuya a sami macen da ta taɓa zama a ajin Islamiyya a ƙasar Hausa ba ta ji sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba. Makarantu da dama an raɗa musu sunanta, 'ya'yanmu mata kuwa da suka ci sunan ba su ƙirguwa. Amma da za a tsayar da mu a tambaye mu wa ta aura, wane irin zama suka yi, kuma me ta faɗa a kansa bayan da Allah Ya karɓi abinSa, da yawanmu shiru za mu yi. Alhali kuwa bawan Allahn nan ya zauna da ita fiye da shekara 40, shi ne uban 'ya'yanta, kuma shi ne kakan gidan Wazirin Sakkwato. Sunansa Giɗaɗo ɗan Laima.

Abin da ya sa na ɗauko tarihinsa a wannan watan shi ne, babu unguwar da za ki shiga ki rasa matar da take takaba, ko yaran da aka bari ba su gama sanin mahaifinsu ba. Ana gama zaman makoki a naɗe tabarmi, a raba gado, shekara biyar ba ta cika ba sai ki tarar abin da ya rage na maigidan nan bai wuce hotonsa a jikin kalanda ba. Jikokinsa kuwa ko sunansa na yanka ba lallai su sani ba. Nana Asma'u ita ma ta rasa miji kamar yadda mata suke rasawa, amma ta bi wata hanya wadda ta sa bayan shekara fiye da 170 muna iya zama mu faɗi halinsa. Wannan hanyar nake so mu duba tare.

Wane ne Giɗaɗo?

Sunansa na yanka Usmanu. Giɗaɗo laƙabi ne daga Fulatanci, ma'anarsa wanda ake so, wato abin ƙauna. An haife shi wajen 1776, ke nan ya girmi Nana da kusan shekara 17, domin ita a 1793 aka haife ta a Degel. Yana cikin jama'ar Shehu tun zamanin jihadi, kuma babban amininsa shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu, yayan Nana Asma'u.

An ɗaura aurensu wajen 1807. Duk wadda ta san tarihin waɗannan shekarun ta san ba lokacin jere da gara ba ne. A 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, daga nan jama'a ta yi ta fama da yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan. Alƙalawa, babban birnin Gobir, sai a 1808 ta faɗi, Sakkwato kuwa sai a 1809 Bello ya fara gina ta. Ashe ke nan amaryar ta shiga ɗakinta ne a lokacin da garin da za su zauna ma ba a kafa shi ba.

Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, shi kuma ya ɗauki amininsa Giɗaɗo ya yi masa Waziri. Aikin Waziri a wancan zamani ba ƙarami ba ne. Ta hannunsa wasiƙu suke fita su shigo, shi ne tsani tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas irin su Kano da Zazzau, yakan hau doki ya yi tafiyar makonni don isar da saƙo ko sasanta wata rigima, kuma manyan baƙin gari a hannunsa suke sauka. Ya riƙe wannan aiki kimanin shekara 25.

Cikin baƙin da suka sauka a hannunsa har da wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Hugh Clapperton, wanda mutanen gari suke kira Abdullahi. Ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, ya sake dawowa a 1826, kuma a can ajalinsa ya same shi a 1827. A labarin tafiyarsa ya kwatanta Giɗaɗo da dattijo mai ladabi da karamci, wanda Larabci ya zauna a bakinsa sosai. Wannan shaida ce ta baƙo wanda ba addininsu ɗaya ba, ba kuma abin da yake nema a wurin zuriyarsa.

A matsayinsa na miji

In ana son a san irin mijin da mutum yake, a dubi abin da matarsa ta zama a gidansa. Nana Asma'u ta shiga gidan Giɗaɗo tana yarinya 'yar kimanin shekara 14. A cikin gidan nan ta zama malamar da ake ji da ita, a nan ta yi rubuce-rubucenta da Larabci da Fulatanci da Hausa, waɗanda kimanin 60 daga cikinsu suka iso gare mu. A nan kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa dattijan mata amintattu a matsayin jaji, ta ba su malfa, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba.

Ki tsaya ki auna wannan da kyau, 'yar uwa. Gidan Waziri gida ne da baƙi ba su yankewa, tukunya ba ta sauka daga murhu. Maigidan yana ɗauke da nauyin daula, yau yana gari gobe yana hanyar Kano. Da ya ga dama sai ya ce hidimar gidan nan kaɗai ta ishi uwargida, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma ga ayarin mata suna shigowa daga ƙauyuka da ƙurar hanya a ƙafafunsu, ga alƙalami da tawada da takardu a ɗakin matarsa, shekara da shekaru, ƙofar ba ta rufu ba. Mu da muke koyarwa a ajin matan aure mun san darajar wannan, domin mun sha ganin ɗaliba mai ƙwaƙwalwa ta ɗauko karatu da zafinsa, sai a wayi gari kujerarta ba kowa, in an bincika a ce maigida ne ya ce ya isa haka. Haka nan mun san waɗanda mazajensu ne suke kawo su har bakin makaranta a kan babur, su dawo su ɗauke su. Irin waɗannan mazajen suna da rabo a duk harafin da matan suka koya, kuma ya kamata 'ya'yansu su san haka.

Zaman Giɗaɗo da Nana bai tsaya a kan ba ta izini kawai ba, har aiki suka yi tare. A 1837 Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno. Ita ta rasa ɗan uwa kuma malami, shi ya rasa aminin da suka yi shekara da shekaru tare. A lokacin waɗanda suka ga Shehu da idonsu sun fara ƙarewa, ga yara sun taso ba su san wahalar da aka sha ba. Sai mata da miji suka duƙufa rubuta abin da suka gani. Giɗaɗo ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan halayen Bello. Yana kuma da Raudul Jinan a kan Shehu, inda bayan labarin karamominsa ya jero sunayen mutanen da suka zauna tare da shi suka yi masa hidima, waɗanda ba don wannan littafi ba da yawansu da tuni sunansu ya ɓace. Ita kuma Nana ta tsara tarihin gwagwarmayar Shehu a waƙe da Fulatanci, wadda daga baya ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa, aka san ta da Waƙar Gewaye. Shi yana yi wa malamai da Larabci, ita tana yi wa mata da sauran jama'a da harshen da suke ji, a sigar da za a iya haddacewa ana daka ko ana kaɗi.

Ashe tun kafin a zo kansa, Giɗaɗo ya riga ya tsare wa surukinsa da amininsa nasu tarihin. Alheri kuwa gadon barci ne.

A matsayinsa na uba

Akwai wani abu da ya faru a gidan a 1824 wanda Clapperton ya gani da idonsa ya rubuta. Ciwon agana ya kama wani ɗan Giɗaɗo da yake matuƙar so, wanda 'yar uwar Sarkin Musulmi Bello ta haifa masa. Yaron ya fara samun sauƙi har an sa rai, sai ciwon ya dawo, Allah Ya yi masa cikawa. Da Baturen ya shiga yi masa ta'aziyya ya tarar da shi zaune a ciki, baƙin ciki ya bayyana a fuskarsa, amma ya karɓe shi da fara'ar da ya iya, ya yi masa godiya, ya nuna masa cewa rashin babba ne a gare shi amma hukuncin Allah ne.

Wannan ɗan labarin yana nuna mana mutumin da ke cikin rawanin. Wazirin daula guda, wanda sarakuna suke sauraron saƙonsa, ga shi zaune a ɗaki zuciyarsa ta karye saboda ƙaramin yaro. Bai ɓoye zafin ba, bai kuma yi wa Ubangijinsa tawaye ba. Haka Manzon Allah (SAW) ya yi ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, idanunsa suka zubar da hawaye, harshensa bai furta abin da Allah ba Ya so ba. Mazajenmu da yawa suna da irin wannan taushin, sai dai al'ada ta koya musu ɓoye shi, kuma sau da yawa matar ce kaɗai ta taɓa gani. In ba ta faɗa wa 'ya'yan ba, za su girma suna zaton mahaifinsu faɗa da tsawa kawai ya iya.

'Ya'yan da suka rayu kuwa ya tsaya a kan karatunsu da tarbiyyarsu har suka zama abin kwatance. Wajen 1842, a farkon sarautar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Giɗaɗo ya sauka daga aiki, ɗansa Abdulƙadir, wanda Nana Asma'u ta haifa, ya zama Waziri. Uban yana raye ya ga ɗansa ya ɗauki kayan, yana kusa in ana bukatar shawara. Abdulƙadir ma ya gaji alƙalamin, domin yana da littafin tarihi mai suna Anisul Mufid. Daga baya wani ɗan nasu, Abdullahi Bayero, shi ma ya riƙe wazircin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da Nana ta zaɓa ta faɗa

Giɗaɗo ya rasu wajen 1850, yana da shekara fiye da 70. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci, kamar yadda ta yi wa Bello da sauran waɗanda suka riga ta.

Abin lura a nan shi ne irin abubuwan da ta tsinto daga rayuwarsa. Mutumin da ya yi wazirci shekara 25 ba a rasa abin yi masa kirari da shi na mulki da dawaki da dukiya. Ita kuwa sai ta ambaci yadda yake kula da gyaran masallacin Shehu da ƙofofin gari da hubbare ba gajiyawa. Ta ambaci saukar baƙi da kyautarsa, da girmama matan Shehu da 'ya'yansa da danginsa bayan ba ransa, da tsayuwarsa tare da Bello, da tsananinsa wajen hana ɓarna da zalunci a cikin gari. Sannan ta yi masa addu'a. Duk abin da ta lissafa aiki ne da mutanen Sakkwato suka gani, za su iya ba da shaida a kansa, kuma ɗa ko jika zai iya tashi gobe ya kwaikwaya.

A nan akwai darasi babba gare mu saboda maganar kunya. Mu matan Hausa ba mu faɗin sunan miji, sai dai Malam, ko Alhaji, ko baban su wane. Wannan ladabi ne mai kyau. Amma a gidaje da yawa kunyar takan zarce har bayan mutuwa, uwa ta kasa buɗe baki ta ba 'ya'yanta labarin mahaifinsu, wai kada a ce ta cika son miji. Nana Asma'u Bafulatana ce, 'yar Shehu, babu wadda za ta nuna mata alkunya a cikinmu. Ta raba abu biyu ne: sirrin da ke tsakaninta da mijinta ta bar shi a ɗaki, aikin alherinsa kuma ta fitar da shi fili don a yi koyi. Kunya ba ta hana wannan ba, addini ma bai hana ba. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska da maganganun rashin yarda da ƙaddara.

Kada kuma wata ta ce ai wannan Waziri ne, nawa mijin ɗan kasuwa ne ko direba ko manomi, me za a faɗa a kansa? Nana ba manya kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa Hawa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Ta yi wa Zaharatu, wadda aka sani da taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. A wurinta abin da ya sa mutum ya cancanci a tuna da shi shi ne amfaninsa ga bayin Allah. Mutumin da ya yi shekara 30 yana fita da asuba don kada a kwana da yunwa a gidansa, bai taɓa kawo haram ba, yana da tarihin da ya isa a rubuta.

A matsayinsa na kaka

Nana ta rayu bayansa fiye da shekara goma, ta rasu a 1864, an binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Gidan da suka bari kuwa ya ci gaba, har unguwar da zuriyarsu take a Sakkwato ana kiranta Giɗaɗawa.

Jikansu Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo shi ne Waziri lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da waɗanda suka bi shi, har ya yi shahada a Burmi a wannan shekarar. Waziri Buhari ya zauna tare da jama'ar da suka rage, kuma bai bar abin a baki ba, sai da ya rubuta wa malamai takarda yana bayanin halin da aka shiga da dalilin da ya sa ya zaɓi zama. Ko a ranar tashin hankali irin wannan, ɗan gidan Giɗaɗo bai manta da alƙalami ba.

Ɗan Buhari shi ne Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997. Iyayenmu da yawa sun san shi, wasu sun karanta littafinsa Tarihin Fulani. Shi ya adana takardun kakanninsa, kuma daga taskarsa ne wata Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu rubuce-rubucen Nana Asma'u. Ta fitar da littafi a kan rayuwarta a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta a haɗe. Ki duba tsawon wannan igiya: mata ta rubuta halin mijinta, 'ya'ya suka ajiye, jikoki suka kwafa, tattaɓa-kunne ya buɗe wa duniya. Da mutum ɗaya a cikinsu ya yi sakaci ya bar gara ta ci takardun, da yau ba mu da abin faɗa.

To mu fa?

Na taɓa tambayar ɗalibaina na ajin matan aure, wace ce za ta iya faɗa mini sunan kakan mijinta na wajen uba, da sana'arsa, da garin da ya fito. Kaɗan ne suka iya. Da na juya tambayar kan nasu kakannin, nan ma sai aka yi ta kallon juna ana dariya. Amma kusan kowace ta san wanda ya ci gida da wanda ya ci gona ranar rabon gado. Dukiyar mun kiyaye lissafinta, mai dukiyar ne muka bari ya salwanta.

Ga wasu abubuwa da kowace mace za ta iya yi, ko tana da ilimi mai zurfi ko ba ta da shi.

Na farko, a sauke masa nauyi. A cikin Suratun Nisa'i, inda Allah (SWT) Ya yi bayanin rabon gado, Ya maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Sau da yawa matar ce kaɗai ta san wanda yake bin maigida kuɗi, ko ajiyar wani da ke hannunsa. Faɗin wannan ga magada kafin a raba komai shi ne farkon cika alkawari, ko da zai rage abin da za ki samu.

Na biyu, a rubuta. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ki ware shi don wannan kawai. A sa cikakken sunansa da na iyayensa da kakanninsa iyakar inda aka sani, da garinsu na asali, da malaman da ya yi karatu a wurinsu, da sana'arsa da yadda ya fara ta, da aminansa, da ranar rasuwarsa ta Hijira da ta Miladiyya. Sannan a shiga halayensa, kuma a yi irin na Nana, a kawo aiki a maimakon kirari. Cewa mutumin kirki ne ba ta koya wa yaro komai. Amma in kin rubuta cewa duk ranar Juma'a sai ya je gaida gwaggonsa kafin ya wuce masallaci, ko shi yake biya wa marayun ƙanensa kuɗin makaranta ba wanda ya sani, to kin ba jikansa abin kamawa. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Wadda ba ta rubutu ta sa 'yarta ta rubuta, ko a ɗauki muryarta a waya, amma a mayar da shi kan takarda, domin waya tana lalacewa ko ta ɓata.

Na uku, a nemi tsofaffi tun suna nan. Yayyensa mata, abokan tasowarsa, limamin unguwa, kowa yana riƙe da wani yanki da ke ba ki sani ba. In gidan mata biyu ne ko uku, to a nan ne ya kamata a ajiye kishi, domin wanda ake kishin dominsa ya tafi. Uwargida ta san ƙuruciyarsa da lokacin da ba shi da komai, amarya ta san tsufansa da jinyarsa. In an haɗa, 'ya'yan kowane ɗaki za su ga uba ɗaya suke da shi, wannan kuwa yana kashe wutar da rabon gado yake kunnawa.

Na huɗu, a riƙe mutanensa. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa sadar da zumunci ga masoyan uba bayan rasuwarsa yana cikin mafi girman biyayya. Shi kansa Manzon Allah (SAW), shekaru bayan rasuwar Nana Khadija (RA), in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Haka Giɗaɗo ya yi wa iyalin Shehu, kuma matarsa ta ga abin ya isa a rubuta. Ki riƙa tura yara gaida baffanninsu da gwaggonninsu da aminan mahaifinsu, ko da a lokacin rabon gado an ɓata miki rai.

Na biyar, a ci gaba da wani aiki nasa. Hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Muslim sananne ne gare mu duka, cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa in ban da sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ba sai an gina masallaci ba. In ya saba ajiye randar ruwa a ƙofar gida, kada ta bushe. In yana da almajirin da yake ciyarwa, kada a kore shi. Littattafansa kuma a ba mai karantawa, kada a tura su ƙarƙashin gado.

Akwai wadda za ta karanta wannan ta ce a ranta, ni fa zaman da na yi ba daɗi, me zan rubuta? 'Yar uwa, ba a ce ki yi ƙarya ba, ba a kuma ce abin da kika sha ba komai ba ne, Allah Ya san shi kuma ba Ya zalunci. Amma Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) hanin zagin matattu, saboda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Yaran nan jininsa ne, in kika cika musu kunne da aibinsa, rabin kansu kike koya musu su ƙi. Ki nemi alheri ko guda ɗaya ne ki ba su, sauran ki bar wa Mai hisabi.

Ga ƙannena masu ƙuruciya da aka bari da ƙananan yara kuma, takaba wata huɗu ce da kwana goma kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, mai ciki kuma har ta haihu. Bayan nan yin wani aure ba cin amana ba ne. Ummu Salama (RA) ta so Abu Salama matuƙa, har tana ganin ba za ta sami kamarsa ba, sai Allah Ya musanya mata da Manzon Allah (SAW), kuma ba ta daina ambaton alherin mijinta na farko ba. Ki tafi sabon ɗakinki da littafin nan a cikin akwatinki, ranar da yaran suka yi hankali ki damƙa musu.

Waɗanda kuma nasu mazajen da iyayen suke raye, ba sai an jira mutuwa ba. Yau da daddare ki sa yaran su zauna gaban kakansu su tambaye shi yadda ya taso, ke kuma ki riƙe biro.

Allah Ya jiƙan Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u da Shehu da jama'arsa. Allah Ya gafarta wa mazajenmu da iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu, Ya haskaka kaburburansu, Ya ba waɗanda suke takaba haƙuri da mafita, Ya raya marayu a kan tafarkin iyayensu nagari. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya kuma bar mana masu tunawa da mu da alheri. Amin.